Motar Zuwa da Dawowa

A garejin bakanike ta sami saurayin nata, ya sunkuya a kan injin wata tsohuwar mota mai ƙofa huɗu, irin masu gudun tsiya, fentinta duk ya koɗe.

"An ce an mayar da aikinka wani gari," ta ce, ba ta yarda sun haɗa ido ba. "Ni kuwa ba zan bar Baba a kwance in bi ka ba. Gara mu haƙura."

Ya ɗago, ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Shi ya sa na zaɓi wannan motar. Tsohuwa ce, amma ba a taɓa buɗe injinta don gyara ba. Za ta kai ni da safe, ta dawo da ni da yamma. Kullum."

"Kullum? A motar da ta girmi ƙanena? In ta mutu maka a hanya fa?"

"Sai in turo ta har ƙofar gidanku."

Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe ƙofar gaba ta zauna.

"Tayar da ita in ji da kunnena, kafin in ba ka amsa."