Katin Alhamis

Tun da aka fara yi wa 'yan mata allurar rufe nono, mai jego ba ta samun ruwan nono sai an buɗe mata a asibiti. Kwana uku Hansatu tana bin layi, har jaririnta ya daina kuka.

"Katinki na Alhamis ne," in ji ma'aikaciyar.

"Yau fa Litinin! Kunun kanwa na sha har na gaji, ko ɗigo babu."

Wata mata ta taɓa ta, gaban rigarta sharkaf da nono.

"Jiya muka binne nawa. Na zo a rufe min ne."

Doka ta hana shayar da ɗan wata. Hansatu ta kwance goyonta a gaban ma'aikaciyar, ta miƙa wa matar.

"Karɓe shi, Yaya. Mai hanawa ya fara da ni."