Tarun da Ya Dawo da Danshi

Tunda ka ce ka ɗaga katanga, ka ƙara kwaɗo a ƙofa, don haka hankalinka ya kwanta, zauna in ba ka misalin wani mai kiwon tarwaɗa.

Mutumin nan yana da tafki a bakin fadama, kuma a tsaron dukiya ba a kai shi ba. Ya ja raga ta sama saboda zalɓe, ya kewaye gefe da waya saboda guza, ya ɗaure kare saboda masu dogon hannu. Baƙo ko leƙe ba ya bari ya yi, wai kada a yi wa kifinsa baki. Abin da ya fi ji da shi su ne iyayen kifin, manyan tarwaɗa masu ƙwai da ya rena tun suna kamar tsinke, don duk 'ya'yan da yake sayarwa daga gare su suke fitowa. Wata rana ƙanensa, wanda shi ma yake kiwo a ƙasan rafi, ya aiko neman aron taru. Kifinsa ne ke ta mutuwa, yana so ya kwashe sauran ya kai kasuwa. To, wa zai hana ɗan'uwansa taru? Ya bayar. Ka'idar masu sana'ar ita ce, in taru ya shiga wani ruwa, a wanke shi a shanya har ya bushe ƙarau. Shi kuwa ranar da aka dawo da shi yana saurin ware manya da ƙanana kafin su cinye juna. Ya ce ai taruna ne, daga wurin ƙanena ya fito, ya zuba shi a ruwa da danshinsa.

Ba a jima ba kifi suka daina rububin abinci. Sai ka ga ɗaya ta taso tana lilo, can ta juya ciki sama. Ya duba jikinsu, ba cizo ba yanka. Ya duba raga da waya, ko zare bai tsinke ba. Ya sauya ruwa, ya zuba gishiri, ya daka shuwaka, ya sayo maganin kanti, duk a banza. Da ya rasa wanda zai kama, sai ya kama maƙwabcinsa da zargin guba, har gaisuwa ya daina amsa masa. Ranar da babbar uwar ta taso, wadda yake gane ta da guntun gashin baki, hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya naɗe ta a buhu ya kai wa likitar dabbobi a gari.

Da likitar ta gama bincike, ta ce masa ba guba ba ce, ƙwayar cuta ce da ake kira bairos, wadda ido ba ya gani. Jikin kifi, kamar namu, ƙananan ƙwayoyin halitta ne aka jera, kuma Allah ya ba kowace ikon kashe kanta in ta tsufa ko ta lalace, domin sauran jiki ya tsira. Wannan rahama ce. Ita bairos ba ta da haƙori, ba ta da dafi. Shiga take yi cikin ƙwayar, ta sa ta aikin haifa mata 'ya'ya, ta danne ikon nan har sai ta gama yawaita. In ta gama, sai ta sake shi. Ƙwayar ta tsuke, ta farfashe da kanta, 'ya'yan su watsu zuwa na kusa. Haka ake yi a hanta, a ƙoda, a wurin numfashi, har kifin ya ƙare daga ciki alhali fatarsa sumul.

"Alhaji," in ji ta, "kana ta neman wanda ya kashe su. Jikinsu ne ya yi aikin, umarni kawai aka ba shi. Me ya shiga ruwanka daga wani ruwa?"

Ya buɗe baki zai ce babu, sai ya tuna tarun. Ya koma gida, ya tsiyaye tafkin, ya binne iyayen duka a rami guda, ya bar rana ta gasa ƙasan. Raga na nan, waya na nan, karen ma na nan yana ta haushin masu wucewa. Da yamma ya cire hula ya je ya ba maƙwabcinsa haƙuri, kunya kamar ta kashe shi.

Ka ga, abin da ya ci shi bai haura katanga ba. Tarunsa ne ya shigo da shi, jikin kifinsa ya ƙarasa aikin. Shi ya sa Hausawa ke cewa, da ɗan gari akan ci gari.