Karfasar Bakin Kwata

Tun da aka kafa dokar tafki, kowane gida a garin yana ajiye karfasa ɗaya a ramin da kwatarsa ke zuba. Idan kifin yana raye, sai a bar ruwan gidan ya gangara tafki. Idan ya mutu, a toshe kwatar, a hana gidan ɗiban ruwa.

Ranar da Sarkin Ruwa zai zagayo dubawa, Tasalla ta tarar da nata kifin ya juya ciki sama. Jiya ta wanke injin feshin gona a tsakar gida. Ta kasa zaune ta kasa tsaye. Can ta lulluɓe bokiti da mayafi, ta bi ta bayan gari zuwa wurin Kawu Barmo masunci, kamar yadda ta yi bara.

A gaɓar tafki ta iske matan unguwarsu, kowacce da bokiti a ƙarƙashin mayafi, ba mai kallon idon wata.

"Kawu, ka taimake ni da mai rai ɗaya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Yanzu zai iso layinmu."

"Tun yaushe nake canza muku, Tasalla? Kullum ya zagaya, ya ga kifi lafiya lau, ya sa wa gari albarka."

"Wannan karon kawai, Kawu."

Barmo ya jawo tarunsa daga tafkin, ya zazzage a gabansu. Kifaye suka zube bisa yashi, ba wanda ya ko kaɗa wutsiya.

"To, ku zaɓa," in ji shi.