Faifan Mai Gyaran Agogo

Kai da kake cewa tsoro shi ne rabin hankali, zauna ka ji abin da ya sami wani mai gyaran agogo a wani gari na bakin layin dogo.

Mutumin nan ya haura saba'in, hannunsa kuwa bai taɓa rawa a kan aiki ba. Gadon da ubansa ya bar masa faifan garmaho ne guda ɗaya. Uban mai jan waƙa ne a majami'ar garin. A zamaninsa wani baƙo ya zo da na'ura ya ɗauki muryarsa, ya yanka faifan nan, bai yi na biyu ba. Fuska ɗaya waƙa ce da ganguna. Ɗaya fuskar addu'a ce, inda tsohon ya kira 'ya'yansa bakwai da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya. Cikin bakwai ɗin saura biyu a duniya, shi da yayarsa, wadda ido ya tafi, ƙafa ta bi. Ita ce ta ce tana so ta ji Baba ya kira sunanta sau ɗaya kafin ta je ta same shi. Da ya kwance tsumman da faifan ya shekara arba'in a ciki, sai ya ga abin da shekaru suka yi wa faifan. Baƙin fentin da ya rufe ƙarfen faifan, wanda muryar take kwance a kai, ya tsattsage kamar ƙasan tafki da bazara. Ya gane cewa in allura ta bi ta kansa sau ɗaya, ba za ta sami hanyar komawa ba.

Maƙwabciyarsa mai shagon buga takardu ta ara masa kwamfuta don ya ɗauki muryar a cikinta, ta haɗa masa waya daga garmaho. Ta nuna masa wani ma'auni a fuskar kwamfutar mai hawa da sauka, da abin murɗawa da ke ƙara ƙarfin muryar da ke shiga ko ya rage. Ta ce kore lafiya, rawaya ma lafiya, ja ne ɓarna, kuma a fara gwadawa a wurin da faifan ya fi ƙara. Gwajin nan shi ne bai yarda da shi ba, don a ganinsa gwaji ma ci ne daga jikin faifan. Da hantsi ya rufe shago, ya wanke hannu, ya sauke allura a kan fuskar waƙa. Uban ya soma shi kaɗai, a hankali, ma'auni da ƙyar yake motsi. Sai ya murɗa, ya ƙara murɗawa, har ma'aunin ya cika. Can ganguna suka faɗo gaba ɗaya. Ma'auni ya buga ja ya tsaya cak a can sama. Ya kasa kai hannu ga abin murɗawa, yana kallon baƙar ƙura tana tashi a bayan allura. Da ya saurari abin da kwamfuta ta ɗauka, sai ya ji wani abu yana kururuwa kamar ana yaga sabon yadi. Wannan ba ubansa ba ne. Ya duba faifai, fuskar waƙa ta tafi.

Kwana uku bai koma wurin garmahon ba. Jan barkonon da aka shanya a ƙofar gida ma in ya gani sai ya kau da kai. Kullum kuwa yayar tana tambaya, muryarta tana ƙara yin ƙasa. A rana ta huɗu ya juya faifan zuwa fuskar addu'a. Tun kafin allura ta sauka ya murɗa baya. Kore ya ɗan ɗaga, ya ga kamar ja ne yake tahowa, ya sake ragewa. Ya yi ta ragewa har abin da ya saura a ma'auni bai fi ƙwayar gero ba. Ya manta cewa addu'a ba ta da ganga. Ya manta an ce masa rawaya ma lafiya. Minti huɗu yana tsaye, idonsa a wurin da ja yake fitowa. Ja bai fito ba. Ya ɗaga allura, ya yi godiya ga Allah, ko da yake farin ƙarfe ya riga ya leƙo daga ƙarƙashin fentin.

Bai tsaya saurara ba, ya ɗauki kwamfuta zuwa ɗakin yayar, ya kunna. Shiru. Ya buɗe lasifika har ƙarshe. Ashe kowace na'ura tana da nata numfashin a ƙasa, in muryar da aka ba ta ba ta fi shi ƙarfi ba, tare suke tashi. Ɗakin ya cika da shuuu. Can a ƙarƙashi akwai wani abu kamar mutum yana magana daga hayin kogi. Ya manna kunne a lasifika, ya ƙirga wuraren da muryar take tsayawa ta ja numfashi. Bakwai ne daidai. Suna ko ɗaya bai fito ba.

Tsohuwa ta juyo da fuskarta wajen ƙarar. Ta ce, "Auta, ruwa ne ya sauko? Je ka ce a kwashe mini shanya, sa'an nan ka zo ka kunna mini Baba."

Ya ce, "To, Yaya." Ya fita tsakar gida ya tsaya a cikin rana, babu ko ɗigon hadari a sama.

Abin da ja ya ɓata, an ji ɓarnarsa. Abin da tsoro ya ɓata, ko ɓarnar ba a ji ba. Shi ya sa mutanen dā suka ce an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.