Ƙullutun da Aka Ce Ba Komai

Bayan la'asar Bappayo ya iso daga Shira, ya tarar da Mas'uda a zauren gidansu na Azare, takardar asibiti a cinyarta. Saura wata biyu bikinsu. Ba ta ɗago ba.

"Yaya, ƙullutun nan na ƙirjina da likita ya ce ba shi da illa, an sake gwadawa. Sankarar mama ta fara a cikinsa. Da wuri aka gano, amma sai an yi min aiki."

Ya jingina da bango. Bara likitan ya ce ta koma bayan wata shida, shi kuwa Bappayo ya yi dariya ya ce ta bari sai bayan biki.

"Ni na hana ki komawa," ya ce. "A ɗaura auren Juma'ar nan."

Sai lokacin ta dube shi, idonta taf da hawaye.

"A'a. Ba za ka aure ni don wanke laifi ba. In na fito daga asibiti, ka zo ka ga yadda na koma, sannan ka sake tambayata."