Baba da Tabarau na Gem

Tsohon ya sake durƙusawa a tsakiyar shagon, ya kare kai da hannu biyu yana ihu, "Wayyo, ga shi nan ta hagu!" Jama'a suka fashe da dariya. Wayoyi sun fi ashirin a sama, kowa na ɗaukarsa. Ita kuwa mai kula da sashen gem, wato wasannin bidiyo, ta sunkuyar da kai tana goge kantar da ta riga ta goge sau uku.

Wata biyu da suka wuce, Manaja ya sayo wasu tabarau masu kauri, waɗanda in mutum ya ɗaura a fuska sai ya ga kansa tsamo-tsamo cikin wasan. Ba sa aiki sai an haɗa da na'urar gem, shi ya sa ya yi lissafin su ne za su kwashe masa na'urori sittin da suka yi ƙura a sito. Lissafin bai fita ba. Mutane su zo, su leƙa, su ce "ikon Allah", su wuce. Daga ƙarshe ya kira ta ofis ya ce in wata ya ƙare kayan na nan, zai rufe sashen, ita ma ta nemi wani wurin.

Shekararta goma sha ɗaya a shagon, ga 'ya'ya uku a makaranta. Gem kuwa ba ta taɓa bugawa ba. Ko bidiyon tallan da ke maimaita kansa a babbar talabijin ta kalla, jiri yake sa ta. Tabarau ɗin da aka ajiye a kan tebur kusa da talabijin ɗin ma, Manaja ya rubuta a jiki kada kowa ya taɓa.

A gida ta yi wannan ƙorafin, a gaban mahaifinta, tsohon direba da ya ajiye aiki. Kashegari sai ga shi a shagon da tsohuwar rigarsa, wai zaman gida ya ishe shi. Ya sami benci ya zauna, ya zuba wa talabijin ido tun safe har aka tashi. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku ya miƙe, ya ɗauki tabarau ɗin kamar nasa, ya ɗaura.

Kafin ta kai gare shi, mutum takwas sun tsaya. Yana kai wa iska naushi, yana kauce wa dodanni daidai lokacin da suke ruri a talabijin, yana tsalle da gwiwoyin da kullum yake kukan suna masa ciwo. Ran nan aka sayar da na'ura biyu. Manaja ya fito, ya kalli tsohon ya daɗe, sannan ya ce a ƙyale shi, amma shi kaɗai.

"Anti, wai kin san wannan mahaukacin tsohon?" in ji mai karɓar kuɗi, tana share hawayen dariya.

"Ina zan san shi?" ta ce. Maganar ta fito tun kafin ta yi tunani, kuma yana tsaye taku uku daga inda take.

Mako uku aka yi haka. Bidiyonsa ya zagaye gari. Iyaye maza suka riƙa zuwa suna cewa in dai wannan dattijon zai ji daɗinsa haka, a ba su ɗaya. Sito ya fara yin fili. Amma kullum ta ji an sheƙe da dariya sai ta ji kamar an tuɓe ta a kasuwa. Ƙanwar mijinta ta turo mata bidiyon, ta rubuta a ƙasa: "Surukinmu ya zama tauraro!" Ɗiyarta ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci.

Ranar Asabar da safe ta tare shi a bakin ƙofa yana neman takalminsa.

"Baba, don girman Allah ka zauna a gida. Da furfurarka kana birgima a gaban yara saboda wasa? Ka gama da mu a garin nan."

Ya dube ta, ya dubi takalmin. "To, Uwata," ya ce. "Na'urori nawa suka rage a sito?"

"Huɗu."

"Huɗu ba wuya," ya ce, ya koma ciki yana ɗingishi.

Shagon ya yi tsit ranar. Ta yi zaton za ta sami sauƙi, sai ta ga idonta na komawa kan bencin. Da azahar ta ɗauki tabarau ɗin za ta goge zufar tsohon daga soson. Ta ji ba nauyi. Ta waiga, ba mai kallonta. Tana so ta ga abin da ya sa dattijo mai shekara saba'in ya zubar da girmansa, sai ta ɗaura.

Duhu. Ta lalubi maɓalli, babu. Ta cire, ta juya shi, ta nemi inda ake sa waya, nan ma babu.

"Me kike nema?" Manaja ne a bayanta.

"Yallaɓai, ya lalace. Ba ya nuna komai."

"Wannan? Ai na ado ne kamfani ya haɗo mana, roba ce zalla, bai taɓa nuna komai ba." Ya karɓa ya mayar kan tebur. "Tun ranar farko na gaya wa mahaifinki. Ya ce ya sani, ya haddace tallan da kunne, in dai taimake shi kada ki ji."