Motar da Maude Ya Kawo

"Baba, ta jawo tirelar gero daga Karare har nan, ko tari ba ta yi ba," in ji Nu'uman, yana shafa farar motar. Ta hannu ce, amma da ƙafa huɗu take ja, ga kujeru masu laushi.

Maude dillali, wanda ya kawo ta, yana gindin bishiyar bedi yana shan furar da aka ba shi. Ya ce, "Malam, daga Legas ta zo. Sai jiya ta fara taka ƙasar Katsina."

Malam Yusha'u ya kau da kai daga motar. Tun da babban ɗansa Sharhabilu ya ɓace da shuɗiyar motarsa a hanyar Safana bara waccan, ba ya son jin ƙarar mota a ƙofar gidansa. Duk da haka ya fito da laya, don a gidansa mota ba ta fara aiki sai ya ɗaura mata laya ƙarƙashin kujerar direba.

Ya durƙusa, ya zura hannu. Ya daɗe bai miƙe ba.

"Baba, lafiya?"

Ya zaro wata tsohuwar laya mai jan zare. Ɗinkin hannunsa ne. Ya kankare fentin ƙofar da farce, sai ga shuɗi.

"Nu'uman," ya ce ƙasa-ƙasa, "zare makullin. Ka ƙara wa Maude fura, kada ya tashi."